Ambaliyar Maiduguri: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Mazauna Gari Ke Kallon Magudanan Ruwa da Agajin Gaggawa

Tun bayan ambaliyar watan Satumban 2024, da wuya a yi zaman hira a unguwar Gwange ko Fori ko Bulabulin, hadari ya haɗu a gabas, a tashi ba a taɓo maganar ruwa ba. An tattaro a nan tambayoyin da mutanen wasu garuruwa suka fi yi game da abin da ya faru, kuma an yi ƙoƙarin amsa su ta fuskar waɗanda ruwan ya shiga ɗakunansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mene ne ainihin abin da ya faru?

A daren Litinin 9 ga Satumba, wayewar garin Talata 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Madatsar tana kan kogin Ngadda a ƙaramar hukumar Konduga, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, an kammala ta a 1986, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 112 domin sha da noman rani. Da yake kogin Ngadda ta tsakiyar gari yake ratsawa kafin ya malala cikin fadamar Jere, ruwan da ya kuɓuce bai da wata hanya sai ta cikin unguwanni. Kafin rana ta take ya mamaye Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin da Shehuri, ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya karya katangar gidan gyaran hali har fursunoni 281 suka tsere, ya kuma kashe mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Hukumomi sun ce fiye da mutum 400,000 ne suka bar gidajensu, gwamna Babagana Umara Zulum kuwa ya ce waɗanda abin ya shafa sun kai miliyan ɗaya. Rabon garin da ganin irin wannan ruwa tun 1994, shi ma daga Alau ya zo.

Idan madatsa ce ta ɓalle, me ya kawo maganar magudanan ruwa a ciki?

Mutanen Maiduguri ruwa biyu suka sani, kuma ba sa haɗa su. Akwai ruwan sama na kowace damina, wanda a watan Agusta yakan kwanta a kan titi da ƙofar gida na yini ɗaya ko biyu, ya hana Keke Napep shiga lungu, ya jiƙa gindin katanga. Akwai kuma ruwan dam, wanda ya zo da dare ya haura taga. Babu mai hankalin da zai ce kwata mai faɗin kamu biyu za ta iya ɗauke ruwan Alau, kuma mazauna garin ba su faɗi haka ba. Abin da suke cewa shi ne, magudanan ba su ne suka kawo ruwan ba, amma su ne suka hana shi tafiya.

Wannan magana tana da tushe. Maiduguri shimfiɗaɗɗen gari ne, ba shi da gangaren kirki da zai ja ruwa da kansa, saboda haka duk ruwan da ya shigo unguwa sai an yi masa hanya kafin ya fita. Bayan kogin ya koma cikinsa, unguwannin da ke da manyan magudanai a buɗe sun tsane cikin 'yan kwanaki, amma inda kwalbati ya cushe da yashi, ko inda kwatar unguwa ta ƙare a bayan katangar wani ba tare da ta haɗu da babbar magudana ba, ruwan ya yi kwance ya canja launi, ya haɗu da abin da ya taso daga masai. A irin waɗannan wurare ne gidajen ƙasa suka yi ta zubewa bayan an ɗauka abin ya wuce, domin ginin ƙasa ba ƙarfin ruwa kaɗai ke kayar da shi ba, jiƙon da gindinsa ke sha na kwana da kwanaki ya isa. Mutumin da ɗakinsa ya tsira a daren ambaliyar, sannan ya rufta bayan mako guda saboda ruwa ya rasa mafita, ba za a iya gamsar da shi cewa maganar kwata ba ta taso ba.

Akwai kuma abin da dattawan unguwa ke yawan tunawa, wato wuraren da a da ruwa ke sauka ya huta: kududdufai da kwaruruka da filayen bakin kogi. Daga 2009, musamman bayan 2014 da rikicin Boko Haram ya koro mutanen ƙananan hukumomi zuwa babban birni, yawan jama'a ya ninka, an cike da yawa daga cikin waɗannan wurare da shara da ƙasa an yi gini a kansu. Garin ya faɗaɗa da gudu, magudanan ruwansa kuwa suna tafe da rarrafe.

To, laifin wa ne toshewar kwata, gwamnati ko jama'a?

A nan ne mazauna gari suka fi rabuwa, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yar ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin yashe kwata ranar aikin gayya ya san abin da shebur ke fitowa da shi. Sama-sama ledar fiya-wata ce da robobin lemo, ƙarƙashinsu tsummokara da ƙunzugun yara da ɓawon rake, can ƙasa kuma baƙin yashi mai nauyi wanda iskar rani ta tara tun watan Maris. Matasa sukan jibge shi a bakin kwatar, tsibi-tsibi, da niyyar motar shara za ta zo ta kwashe. Idan motar ba ta zo ba, awaki su tona, yara su taka, ruwan farko ya mayar da komai inda aka ciro shi, aikin yini guda ya tashi a banza. Mai kallon ledar zai ce halin mutane ne, tunda ba gwamnati ce ta jefa ta ba, har ma akwai gidajen da ke jiran a fara ruwa su aiki yaro ya juye kwandon shara a kwata domin ruwa ya tafi da ita. Mai kallon tsibin da ba a kwashe ba kuwa zai ce, wanda ba a ba shi bola ba, ina ake so ya kai sharar?

Jihar tana da hukumar kula da muhalli, BOSEPA, kuma mutane ba sa musun cewa ma'aikatanta suna share manyan tituna, har baƙo yakan yaba da tsaftar hanyoyin tsakiyar gari. Ƙorafin shi ne aikin yana tsayawa inda kwalta ta tsaya. A ganin mai wannan rubutu, dukkan ɓangarorin biyu suna da laifi amma ba daidai yake ba. Leda tana toshe kwatar da ke akwai, sai dai unguwanni da dama ba su da kwatar da za a toshe tun farko, kuma fitar da taswirar magudanai da haɗa ƙarama da babba har ta kai kogi ba aikin da bulama, wato mai unguwa, da matasan unguwa za su iya yi da karo-karo ba ne.

Shin an gargaɗi mutane kafin ruwan ya iso?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙona rai, kuma idan aka saurari mutane da kyau za a ga fushinsu a kanta ya fi fushinsu a kan ruwan kansa.

Ba a ce babu alama ba. Kwanaki kafin daren, madatsar ta cika ta batse, kogin ya fara shiga gidajen da ke bakinsa, kowa a gari yana maganar. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna ta NIHSA kuma kowace shekara suna fitar da hasashen damina da jerin jihohin da ke cikin haɗarin ambaliya. Amma a cikin waɗannan kwanaki ne wata tawagar jami'an gwamnatin jiha ta je ta duba madatsar, aka sanar da jama'a cewa su kwantar da hankalinsu. Mutane da yawa sun kwanta a daren Litinin da wannan magana a kunnensu, abin da ya tashe su kuwa ba jiniya ba ce, ba kuma sanarwar hukuma ba ce. Wani ihun maƙwabci ya ji, wani ɗan'uwansa ne ya kira shi a waya daga Fori, wata kuma sanyin da ta ji a tabarma ne ya farkar da ita.

Mazauna gari suna bambanta hasashe da gargaɗi. Hasashe shi ne a ce bana za a yi ambaliya a jihohi kaza, wanda magidanci a Gwange ba abin da zai yi da shi. Gargaɗi shi ne a ce masa ruwa zai iso unguwarku kafin asuba, ku fita ta hanya kaza, ku nufi makaranta kaza. Tsakanin Alau da tsakiyar gari akwai tazarar da ruwa ke ɗaukar lokaci kafin ya ci, kuma garin yana da gidajen rediyo, yana da lasifika a kan kowane masallaci, yana da lawanai da bulamai da suka san kowane gida. Abin da mutane ke tambaya shi ne me ya hana a yi amfani da waɗannan a daren, tunda ba sabon abu ake buƙatar saya ba.

Ya ƙara dagula lamarin da ministan albarkatun ruwa na tarayya ya fito a kwanakin farko ya ce madatsar ba ta fashe ba, tumbatsa ta yi. Ga injiniya wataƙila akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin kalmomin biyu, amma wanda ke kwance a kan tabarmar aro a sansani ya ji maganar ne a matsayin neman wanke kai.

An ce wasu sun ƙi fita ko da suka ga ruwa. Me ya sa?

Gaskiya ne, kuma dalilan ba taurin kai ba ne kawai. Wasu sun auna abin da ruwan kowace shekara, wanda ke tsayawa a idon sawu ya koma. Wasu tsoron ɓarayi ya riƙe su, sai suka tura mata da yara su kuma suka hau rufi suna gadin kaya. Akwai masu tsoho ko majinyaci da ba ya iya tafiya, akwai masu tumaki da awaki waɗanda su ne dukan jarinsu. Sannan akwai waɗanda rikici ya taɓa kora daga Bama ko Gwoza ko Marte, suka shekara da shekaru a sansani kafin su samu ɗakin haya, waɗanda kalmar sansani kaɗai ta isa ta sa su ce gara su jira su gani.

Su wa suka fara kai ɗauki?

Idan aka tambayi wanda aka ceto, kusan kullum da maƙwabci yake farawa. Samari ne suka ɗaura igiya daga wannan turken lantarki zuwa wancan domin mata su riƙa su tsallaka, su ne suka goya tsofaffi, suka saka jarirai a cikin baho da manyan robobin wanki suna turawa a kan ruwa. Masunta sun shigo da kwalekwale cikin lungunan da ko a mafarki ba a taɓa zaton jirgi zai bi ba. Daga nan sai sojoji da manyan motocinsu, da 'yan kato da gora, da direbobin tifa, sannan jami'an hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, da ƙungiyoyin agaji. Sojoji sun samu yabo sosai a bakin jama'a, kuma a garin da dangantakar farar hula da masu kaki ta sha hawa da sauka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙorafin da ke biye da yabon shi ne ƙarancin kayan aiki. Gari mai kogi a tsakiyarsa da madatsa a samansa, wanda ya taɓa ganin 1994, an wayi gari jiragen ceto da rigunan ruwa ba su kai ko kusa da buƙata ba, har wasu suka kwana biyu ko fiye a kan rufi ko a benen maƙwabta ba abinci. An kuma ji koke a kan wasu masu kwalekwale da suka riƙa karɓar kuɗi mai tsada kafin su ɗauki mutum, kodayake waɗanda suka yi aikin domin Allah ba a manta da su ba. Manyan baƙi sun zo da wuri, mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima, wanda ɗan garin ne, ya iso tun ranar farko, shugaba Bola Tinubu kuma ya zo ranar 16 ga Satumba. Mutane sun ji daɗin zuwan, amma a lissafinsu ziyara daban, ceto daban.

Yaya mutane suka ga zaman sansani?

An sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi, wanda gwamnatin jiha ta rufe a ƙarshen 2021, aka kuma mayar da makarantu da dama matsuguni. Abin da aka fi kuka da shi a kwanakin farko shi ne abinci da banɗaki da cunkoso: dubban mutane a wuri guda, layin abinci mai tsawo wanda mai ƙarfi ke riga mai rauni, mata masu shayarwa ba wurin keɓewa. Al'amura sun ɗan daidaita da ƙungiyoyi da masu hannu da shuni suka fara dafa abinci suna kaiwa, kuma gidaje da yawa a unguwannin da ruwa bai kai ba sun buɗe ƙofa ga dangi da ma waɗanda ba su sani ba.

Da aka fara sallamar mutane daga sansanoni bayan 'yan makonni, ra'ayi ya rabu. Gwamnati tana son a buɗe makarantu, ba ta kuma son a koma zaman sansani na dindindin da ta sha wahalar kawo ƙarshensa. Wasu mazauna sun yarda da haka, su ma sun ƙosa su koma. Wasu kuwa sun ce an mayar da su gidajen da ba su bushe ba, ga rijiyoyi sun gurɓace, ga masai ya cika ya fashe. A farkon Oktoba gwamnatin jiha ta tabbatar da ɓarkewar kwalara, abin da masu wannan ra'ayi suka ɗauka a matsayin shaida.

Mutane sun yarda da adadin mamatan da aka sanar?

Adadin da hukumomi suka bayar a makonnin farko bai kai 40 ba, kuma da wuya a samu mazaunin unguwannin da abin ya fi shafa da ya gamsu da shi. Dalilinsu shi ne a al'ada ana binne mamaci da zarar an same shi, ba a jiran takardar asibiti, ga kuma almajirai da baƙi da ba wanda zai kai rahoton ɓatansu.

Tallafin da aka tara ya kai ga jama'a?

Ya kai ga mutane da yawa, kuma ba daidai ba ne a ce bai kai ba. Gwamnatoci da attajirai da kamfanoni sun yi alƙawarin biliyoyin naira, jihar ta kafa kwamitin rabo, an bi unguwa-unguwa ana tantance gidaje gwargwadon ɓarnar da suka yi, an raba kuɗi da kayan abinci. Inda ake samun saɓani shi ne wurin rubuta suna. Gidan haya mai ɗaki takwas, iyali takwas ne a cikinsa, amma idan mai tantancewa ya ƙirga shi gida ɗaya, mai gidan ne zai amfana alhali katifa da buhun masarar da suka lalace na 'yan haya ne. Wanda ya tafi wurin dangi a wata unguwa ranar da aka zo rubutu, sunansa ya wuce shi. Ƙananan 'yan kasuwar da kayansu suka jiƙe a Kasuwar Monday, waɗanda da yawansu bashi suka ɗauko, suna ganin abin da aka ba su bai kama ƙafar asarar ba. Shi ya sa buƙatar da aka fi maimaitawa ita ce a liƙa sunayen waɗanda suka amfana a ƙofar bulama, kowa ya gani, domin zargi a duhu yake girma.

Me suke cewa game da rushe gine-ginen da ke kan hanyar ruwa?

A baki kusan kowa ya yarda cewa dole a bar wa kogi hanyarsa, sai an zo kan gidan wa za a fara. Mazauna bakin Ngadda suna cewa ba sha'awar kallon ruwa ce ta kai su can ba, can ne fili ke da araha, kuma da yawansu sayen filin suka yi da shaidu, wasu ma da takarda. Tambayarsu ita ce ina hukuma take lokacin da ake yanka filayen ana sayarwa, kuma ina za su nufa idan an rushe. Suna kuma lura da ko katafila za ta tsaya a kan gidan talaka ne kawai, ko za ta taɓa katangar mai hali da ta tare hanyar ruwa. Inda aka yi maganar diyya da wani filin kafin a zo da katafila, gardama takan yi sauƙi.

Ba a ɗauki abin a matsayin ƙaddara ba ne?

An ɗauka, kuma da wannan imani ne mutane da yawa suka iya jure asarar da za ta iya zautar da mutum. Amma baƙo ya kan yi kuskure idan ya ji ana cewa haka Allah ya so ya zaci an yafe wa kowa. Mutumin da zai ce maka ƙaddara ce, shi ne kuma a zama ɗaya zai tambaye ka ina kuɗin gyaran madatsar da aka riƙa sakawa a kasafi, kuma me ya sa shekara 30 bayan 1994 ba a shirya ba. A wurinsa saukar ruwa daga Allah ne, kula da madatsa kuwa amana ce da aka damƙa wa mutane masu suna da ofis.

Gyaran madatsar ya kwantar da hankalin mazauna gari?

Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau da inganta ta, an kuma ƙaddamar da aikin a watan Maris na 2025, da alƙawarin kammalawa cikin wata 24 a mataki biyu. Mutane sun yi maraba da hakan, musamman da yake ruwan famfon gari da noman rani na yankin duka sun dogara da Alau. Sai dai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yanzu idan aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, akwai gidajen da ba a barci, ana kiran 'yan'uwa na kusa da kogi ana tambayar inda ruwa ya kai a gindin gada. Wasu sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku, wasu sun mayar da takardun makaranta da na fili cikin leda sun rataye kusa da rufi. A gidaje da dama har yanzu ana iya ganin layin da ruwa ya bari a jikin bango, sama da kan yaro ɗan shekara goma, kuma akwai masu gidan da da suka tashi yin fenti suka bar wannan wurin yadda yake, suna nuna wa duk jami'in da ya zo tantancewa.